Muddin Maigari Na Numfashi

Gaya, 18 ga Maris

Zuwa ga Yaya Siddo, tsohon malamin kimiyya, a Yamai.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi, tunda ita ce hujjar da kake kafawa kowace shekara ta rashin zuwa gida. Mu nan lafiya lau. Uwargida Nuriya ta yi fama da haƙori mako guda, an cire, gida ya samu natsuwa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda ka rantse ba ka sauraron saƙon murya a salula, wai maganar da ba a rubuce take ba iska ce. To ga takarda, ga sa hannu, ga hatimin birona, wato ofishina, kamar yadda nake yi wa kowane dosiye na takardun kwastan idan zan fito da kaya a bakin iyaka.

Ina sanar da kai, cikin alhini gwargwadon hali, rasuwar Maigari, kunkurun Inna Yalwa. Rabon da in sa shi a ido tun tsakiyar sanyi, wata uku cur. Raminsa na gindin dogon yaro, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Na ajiye ganye a wurin kwana biyar a jere, akuya ce ta amfana.

Ka san sharaɗin, ko da yake ba ka nan ranar da aka kafa shi. Kakanka da kakana, wa da ƙane, su suka gina gidan nan, Inna Yalwa kuwa autarsu ce. Kafin ta cika ta tara liman da dattawan unguwa, ta ce muddin Maigari na numfashi ba a rushe, ba a gina, ba a zuba siminti a gidan nan. Duk muka amsa. Kai ma ka amsa daga baya, a takarda, da wani dogon sa hannu mai jela. Shekara bakwai ina riƙe da wannan alkawari, buhunan mutane na kwana a rana don ba ni da wurin ajiya.

Yanzu numfashi ya ƙare, sharaɗi ya bi shi. Ranar ashirin ga Afirilu magini zai zuba siminti a tsakar gida, za a tada mangaza ta ajiyar kaya. Ɗakinka, wanda ke kulle shekara goma sha ɗaya, ya faɗo cikin awon, don haka za a rushe shi. Ka zo ka kwashe akwatinka, ko ka aiko wanda ya san hanya.

Ƙanenka,
Abdu

Yamai, 24 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Abdu, masanin buhu da hatimi.

Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Gwiwa da sauƙi. Likita ya umarce ni da in guji ɓacin rai, kuma ina cikin yi masa biyayya sai ga wasiƙarka.

Na karanta sanarwar rasuwar sau uku, ina neman gawa a cikinta, ban samu ba. Abin da na samu shi ne yanar gizo da akuya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a lise, wato babbar sakandare, kuma ban taɓa ba ɗalibi maki a kan shaidar akuya ba.

Ka gyara zama. Akwai wani ilimi da ake kira harfetoloji, wato nazarin dabbobi masu jan ciki da dangin kwaɗi. Kalmarsa ta farko da ya wajaba ka hardace ita ce ektotarm. Ma'anarta dabbar da jikinta ba ya samar da ɗumin kansa: daga rana take aro, idan kuma rana ta yi yawa sai ta guje mata. Kai da ni gumi muke yi. Maigari ba shi da wannan gata, saboda haka ƙasa yake shiga.

Kalma ta biyu ita ce estibasiyo, barcin bazara. Idan zafi ya tsananta, ciyawa ta bushe, kunkuru irin namu yakan kwanta can ƙuryar rami, ya rage ci, ya rage motsi, ya rage numfashi. Ka lura da kyau: ragewa na ce. Inna Yalwa kuwa numfashi ta ambata, ba ta ce muddin yana yawo a gaban Abdu ba. Ruwan farko ne ke tashe shi. Da ƙasa ta ji danshi zai fito, da yunwarsa da girman kansa.

Kalma ta uku ita ce abita, mazaunin da dabba ta zaɓa wa kanta. Kunkuru yana haƙa raminsa inda ƙafa ba ta takawa, kuma ƙa'ida ce a wurin duk mai kiwonsa cewa ba a taɓa wannan wuri. Wanda ya zuba siminti a kansa ya binne mai rai.

Idan ka dage ya mutu, ka kawo hujja biyu: karapas, wato ƙoƙon bayansa, da filastiro, wato farantin ƙirjinsa. Waɗannan ba sa narkewa. Kuma dabba mai nauyin buhun gero ba ta mutuwa a tsakar gida cikin Maris ba tare da hancin unguwa ya sani ba. Irinsa na daɗewa ƙwarai a duniya. Ina kyautata zaton shi zai ga bayana, ya ga bayanka.

Game da sharaɗin, fahimtata mai tsauri ce, kuma ina so a karanta wa dattawa wannan layi: ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba, ko bulo ɗaya ba za a cire ba, a kowace kusurwa ta gidan, ko na wane ne. Ɗakina kuwa a cikinsa na yi niyyar ƙare kwanakina, ina rubuta littafina a kan dabbobin ƙasar Dandi, wanda tuni na kammala sunansa.

Yayanka,
Siddo

Gaya, 2 ga Afirilu

Zuwa ga Farfesa.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai dai liman ya kwana da ciwon kai, kuma za ka ji dalili.

Na tara dattawa a zaure bayan la'asar, na karanta masu wasiƙarka ba tare da na tsallake harafi ba. Da na iso ektotarm, wani tsoho ya ɗaga hannu ya shafa, ya zaci addu'a ce. Da na iso filastiro, mutum biyu sun shiga estibasiyo, sai da aka taɓa su. Layin bulo ɗaya kuwa an karanta, an maimaita, liman ya ce a ajiye takardar a wurinsa.

Hukuncinsu shi ne ba za a zuba siminti ba sai an tabbatar. Na karɓa, domin kai da kanka ka ba ni hanyar tabbatarwa. A shafi na biyu ka rubuta cewa ruwa ne ke tashe shi, da ƙasa ta ji danshi zai fito.

Yaya, ka daɗe a birni har ka manta inda aka haife ka. A Gaya ba ma zama jiran sama. Shinkafarmu ba ta san damina da rani ba, kogi na nan taku ɗari biyu daga ƙofar gida. Na yi magana da surukina na Tanda, zai aro mini injin ban ruwan gonarsa da tiyo mai tsawo. Ranar Asabar da hantsi, a gaban liman da dattawa, za mu kai wa Maigari damina har cikin ɗaki. Idan ya fito, na janye magini, na aiko maka da goro. Idan bai fito ba, mamaci ne, kuma dattawa sun yarda da haka.

Kada ka ce ban san dabba ba. Ni a bakin kogi na girma, na kama kififiya da hannuna tun kafin ka san sunanta da Faransanci. Duk abin da ke ɗauke da ƙoƙo a bayansa, ruwa ne gidansu. Na tambayi masunta uku, babu wanda ya musa.

Na faɗa wa Nuriya shirin, ta dube ni, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗe. Ka ga ko mata sun gane abin da kai za ka buƙaci shafi huɗu kafin ka gane.

Ƙanenka mai aiki da iliminka,
Abdu

Yamai, Alhamis, 4 ga Afirilu

Abdu,

Gaisuwa a taƙaice. Lafiyata ta tafi tun da na buɗe takardarka. Na kira salularka sau tara, na karya rantsuwata saboda kai, amma na tarar ka toshe lambata tun rigimar bara. Wannan wasiƙa na damƙa ta hannu da hannu ga direban motar safe, ya yi mini alkawarin za ta kwana a Gaya.

Kada ka kunna injin nan. Na sake faɗi, da cikakken ikon da shekaru suka ba ni a kanka: kada ka kunna shi.

Ka tattara halittu uku ka zuba a buhu ɗaya, kamar yadda ka saba da kayan mutane. Bari in raba maka su. Kwaɗo shi ake kira anfibiyan, mai rayuwa biyu. A ruwa ake saka ƙwansa, ya fito talibambam yana shaƙa a cikin ruwa kamar kifi, daga baya ya yi ƙafa da huhu ya hau tudu, fatarsa kullum da laima. Kififiya ba anfibiyan ba ce. Raftil ce, dangin kada da damo da maciji, da huhu aka ƙyanƙyashe ta, sai dai ta iya iyo, ƙafafunta kamar filafili, jikinta shafal. Maigari shi ma raftil ne, amma na tudu zalla. Ka tuna ƙafafunsa: turame ne, an yi su don haƙa. Ka tuna nauyinsa. Idan ka jefa shi a kogi zai nutse kamar dutsen niƙa, yana kallonka.

Danshin da na ambata shi ne wanda ke ratsa ƙasa sannu a hankali, da sanyin iska, da ƙamshin sabuwar ciyawa. Ramin kuwa gangare ne, ƙuryarsa ita ce mafi zurfi, kuma a can yake kwance. Ruwan tiyo can zai fara taruwa. Dabbar da ta rage numfashi ba za ta farka ta yi gudu ba. Abin da ka shirya ba gwaji ba ne. Idan yana da rai za ka kashe shi, sannan ka kafa hujja da rashin fitowarsa. Ban sani ba ko jahilci ne ya kai ka nan ko dabara, kuma ban san wanne zan fi yi maka fata ba.

Masuntan da ka tambaya sun faɗi gaskiya a kan abin da ke faɗawa komarsu. Ka koma ka tambaye su ko sun taɓa kamo kunkurun tudu a ciki.

Ka jira sama. Mako shida ne ko bakwai. Buhunanka sun yi shekara bakwai a rana, ba su mutu ba.

Siddo

Gaya, 9 ga Afirilu

Zuwa ga Yaya Siddo.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ban da wani dattijo da ya gurɗe a ƙafa, shi ma yana samun sauƙi.

Wasiƙarka ta Alhamis ta iso jiya Litinin. Motar ta lalace a Doso, direban ya kwana huɗu a ƙarƙashinta, takardarka na cikin aljihunsa tana shan baƙin mai. Aiki kuwa an gama shi tun Asabar. Ga rahoto, bisa tsari.

An kunna inji da hantsi, an kashe da kiran azahar. Ramin ya sha ruwa kamar ba shi da ƙasa. Can sai ya fara mayarwa. Abin da ya fito, kamar yadda aka ƙidaya a gaban shaidu: kwaɗi goma sha huɗu, waɗanda yanzu na san anfibiyan ne, na kuma gaishe su da sunan, kunama biyu, damo ɗaya, wanda ya bi ta tsakanin ƙafafun liman ba tare da sallama ba. Daga ƙarshe ruwan ya turo wata doguwar saɓar maciji. Babu wanda ya tsaya bincike ko mai ita na ciki. A nan ne dattijon ya gurɗe, a nan ne kuma na gane tsofaffin unguwarmu sun fi ƙarfin yadda suke nunawa idan an zo aikin gayya.

Maigari bai fito ba. Dattawa, daga bayan katanga, sun tabbatar da rasuwarsa.

Na karanta bayaninka na raftil da anfibiyan, na fahimta, ko da yake a makare. Ba zan ɓoye maka ba, ban ci tuwon kirki ba jiya. Amma ka saurara. Idan har yana ciki, to alƙalaminka ne ya buɗe tiyon. Mutumin da ya san ruwa na kashe shi, ya cika shafi huɗu, ya samu wurin karapas da filastiro, bai samu wurin rubuta kada a zuba ruwa ba, wannan mutum ba shi da bakin kiran wani jahili.

Ka ce ko dabara ce. Ni ne na riƙe gidan nan shekara goma sha ɗaya, ni na yaɓe katanga kafin sharaɗi ya hana, ni na ɗauki makarar Inna Yalwa a kafaɗata. Kai ta'aziyya ka aiko, shafi shida, har da baiti. Ta tambaye ka sau biyu a makonta na ƙarshe, na ce mata gwiwa ce. Yau kuma kunkurunta ya fi ta samun wasiƙunka.

Magini ya duba tsakar gida ya ce ta zama fadama, ba zai kafa tushe ba sai ta bushe. Saboda haka an ɗaga aiki zuwa ashirin da biyar ga Mayu. Maganar akwatinka na nan.

Abdu

Yamai, 15 ga Afirilu

Zuwa ga Abdu ɗan Harouna.

Ina gaishe da Nuriya da yara. Lafiyata ba ta shafe ka ba.

Ina da shekara biyar aka ɗora ni a bayan Maigari, Inna Yalwa na riƙe da hannuna, ya kai ni daga bakin rijiya har gindin dogon yaro bai ko lura da ni ba. Ranar na fara tambayar me ya sa ba ya gumi. Duk abin da na zama, daga wannan tambaya ya fito. Kai kuma ka gama da shi tsakanin hantsi da azahar, da injin aro.

Na amsa laifin layin da ban rubuta ba. Sauran naka ne. Abin da ka faɗa game da makon Inna na ƙarshe ba zan amsa shi a takarda ba.

Ka rushe ɗakin. Akwatin ka ba gara, ta fi ka sanin darajar littafi, ko banza tana shiga cikinsa. Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe gare ka, kuma na umarci a rubuta a bayan hotonka da ke cikin kundin dangi cewa an daina hulɗa.

Siddo

Gaya, 23 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Siddo, shugaban masana harfetoloji na ƙasar Dandi da kewaye.

Gaisuwa da fatan alheri, ko da an daina hulɗa. Kowa lafiya, babu wanda ya ji rauni, kuma na fara da wannan ne saboda abin da zai biyo baya.

Shekaranjiya Talata, bayan azahar, ruwan farko ya sauka, bai ɗauke ba sai la'asar sakaliya. Muna zaure da magini muna duba ko ruwa ya tafi da yashinsa, sai muka ji wani nishi daga bayan gida. Muka fita. Bangon baya na ɗakinka ya zauna, azara ta bi shi, rufin ya sauko gaba ɗaya cikin ladabi. Kafin ƙura ta lafa unguwa ta cika gidan.

Muna tsaye sai ɓaraguzan suka motsa. Kai ya fito, sannan turamen nan biyu da ka kwatanta. Maigari ne, da laka a karapas, da wani shafi daga littattafanka manne a gefensa. Bai dubi kowa ba. Ya ratsa tsakar gida, ya tsoma baki a kududdufi ya sha har muka gaji da tsayuwa, sannan ya je gindin yashin magini ya yi abin da ya ga dama. Liman ya sunkuya don ya tabbatar da sharaɗi, Maigari ya yi masa huci a fuska. An rubuta: yana numfashi.

Magini ya leƙa ya ce rami ne ya bi ƙarƙashin ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, ƙasa kuma ta riga ta jiƙe da aikin injina. Don haka rushewar aikin haɗin gwiwa ne, ni da Maigari.

Muna cikin mamaki sai ga Nuriya da ƙwarya cike da harawa, ta ajiye masa kamar wadda ta saba. Na tambaye ta, a gaban jama'a, ko tana da abin faɗi. Ta ce tun sanyi ya bar ramin dogon yaro saboda awaki da hayaniyar masu sauke kaya, ya haƙa sabo a lungun bayan ɗakinka. Ita ta toshe bakin lungun da zana da tsohon turmi, ita ke kai masa abinci duk hantsi idan na fita. Barcin da muka yi ta aika wa juna takarda a kansa, ta ce kwana goma sha tara ne kacal, sauran kwanakin ci yake kamar baƙo. Ranar inji kuwa ta san ramin kango ne, shi ya sa ta yi mini fatan sa'a.

Na ce me ya hana ta magana wata biyar. Ga amsarta, kalma da kalma, domin ta ce in rubuta maka:

"Kai na ji ka a zaure da ɗan kasuwar nan na Malanbil, kana tambayar nawa ake sayen irinsa. Shi kuwa Yaya Siddo, duk shafukan da ya aiko, babu layi ɗaya da ya tambayi wa ke ba dabbar abinci."

Na bayyana wa jama'a cewa tambayar farashi sana'ata ce, ko jirgin sama na gani sai na tambaya. Ba na jin sun gamsu.

Yanzu hukunci. Sharaɗi na nan daram. Mangaza ta tafi, magini ya kwashe yashinsa, abin da ya saura. Ka yi nasara, ina taya ka murna da haƙora a cije. Sai dai ni, saboda kishinka, na tambayi dattawa ko za a tada maka ɗakin. Liman ya shiga gida ya ɗauko wasiƙarka ta ashirin da huɗu ga Maris, ya sa aka karanta: ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba, ko bulo ɗaya ba za a cire ba, a kowace kusurwa, ko na wane ne. Na ƙara masu da cewa wurin yanzu abita ne, mazaunin da dabba ta zaɓa wa kanta, kuma wani babban malami ya koya mini ba a taɓa shi. Suka ce malamin ya yi gaskiya.

Saboda haka ɗakinka zai zauna yadda yake har ranar da Maigari ya daina numfashi, kuma kai ka ce shi zai ga bayanmu. Daga yau ni ne mai tsaron lafiyarsa. Na sa an kewaye kangon da ƙaya, na hana awaki, na sayo masa kankana. Akwatinka mun ciro, gara ta riga ta karɓi kyautar da ka yi mata.

Idan ka tashi ƙare kwanakinka a gida, akwai tabarma a zaure, kusa da buhuna.

Ƙanenka kuma ɗalibinka,
Abdu

Yamai, 28 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Abdu.

Aminci ya tabbata a gare ku. Gwiwa na nan yadda take, na kuma yanke shawarar in daina tambayar ra'ayinta.

An ɗage dokar daina hulɗa, na wani lokaci, saboda dalilan kimiyya. Kada ka ɗauka yafiya ce. Har yanzu kai ne mutumin da ya kai wa kunkurun tudu kogi da tiyo, kuma zan sa wannan a babi na farko, da cikakken sunanka da na surukinka.

Hukuncin dattawa daidai ne. Na nemi kuskure a cikinsa kwana biyu, na tarar ni na rubuta shi. Kankana kuwa ka rage, zaƙi na ɓata masa ciki. Ciyawa da harawa su ne abincinsa, kamar yadda wadda ta fi mu sani take yi. Ka isar da gaisuwata ga Malama Nuriya, ka roƙa mini izini in zauna kusa da ita da littafi idan za ta kai masa abinci. Ina da tambayoyi, kuma na yi alkawarin zan yi shiru har ta gama amsawa.

Shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane cewa kunkuru na haƙa raminsa inda ƙafa ba ta takawa. Ya duba gidan kakanninmu kaf, ya zaɓi ɗakina. Ba ni da ja a kan wannan shaida.

Zan shigo motar Alhamis. Kada ka zo tasha, na san hanya. Ka kakkaɓe tabarmar, ka matsar da buhunanka daga wajen kaina. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ka raka ni maƙabarta, domin ban san inda Inna take kwance ba. Ba sai ka yi mini magana a hanya ba.

Yayanka,
Siddo